Na Uku Daga Ƙasa

Ratmi, mai tsaron ɗakin nunin zane-zane a birnin Yogya, ta kasa ɗauke ido daga wani mutum mai rigar atamfar batik da guga ta cinye wa wuya. Ya ba hamsin baya. Lemar maigidansa na hannun dama, jakar maigidan na hagu, babu hannun share zufa.

Zane ɗaya ya tsare shi: ma'aikata bakwai sun duƙa, bayansu ya zama matakala, wani ƙato mai tumbi yana takawa. Fentin mai ne, an lafta shi da kauri, murmushin kowannensu sai ƙyalli yake. Mutumin ba ya dariya. Na uku daga ƙasa yake kallo, yana miƙe wuya a hankali, kamar mai gwada ko har yanzu yana miƙuwa. Ratmi ta raya a ranta, wannan akwai takardar ajiye aiki a durowarsa, ta shekara goma tana jira.

"Pak Darmo!" Maigidan ne ya matso yana ƙyaƙyatawa. "Wallahi na ukun nan kai ne, har sanƙon!"

Kafin ya rufe baki, Pak Darmo ya fashe da dariya, ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ai ya fi ni kyau."

"Na saya. A rataye shi gaban teburinka, baƙi su sha dariya."

Aka sauko da zanen, ya fi ƙarfin runguma. Pak Darmo ya rataya jakar a wuya, ya juya, ya duƙa, aka ɗora masa a baya.