Ƙidayar da Hure Ta Rama

Gidan Ɓaure ba ya kan titi. In ka baro Ajingi za ka Toranke, sai ka sauka hagu, daidai inda mai babur zai fara ƙunƙuni, ka ratsa gonakin gyaɗa har ka hango ɓauren. Nan aka haifi Hure, nan ta yi aure, nan ta haifi tara. Amma ka tambaye ta, takwas za ta ce maka, don matan wurin ba sa saka ɗan fari a lissafi. Ko sunansa ba sa kamawa. Kunya ce.

Kunyar nan ce ta cinye musu rijiyar burtsatse. Wata shekara wasu masu taimako suka zo, suka ce rijiya ɗaya ce, ƙauyen da ya fi jama'a tsakanin Gidan Ɓaure da maƙwabtansu Kwarin Goni shi zai samu. Wanda ya yi musu jagora Kabo ne, mutumin Kwarin Goni, mai baki kamar an shafa masa mai. A garinsu maza ya sa aka tambaya. Da aka zo Gidan Ɓaure kuwa sai ya ce, "Ku shiga wurin mata, ai su suka haifa."

Kowace uwa ta zubar da ɗaya a lissafi. Gidan Ɓaure ya tashi da mutum ɗari biyu da sha biyu, Kwarin Goni ɗari biyu da talatin.

Shekara shida Hure tana ɗauko ruwa daga can. Kabo kan kishingiɗa a inuwa ya ce, "Sannu Iya Hure, 'yan ƙaramin gari! Yau ma mu ne?" Ita dai takan ɗauki ruwanta ta wuce. Ajiyewa take yi a ranta.

Da labari ya zo cewa za a sake ƙirge, wannan karon don famfo mai sola, Hure ta bi gida gida. Ta ce kada uwar da ta ƙirga nata, kowace ta ƙirga na maƙwabciyarta. Sannan ta sa bikin sunan jikarta ya faɗo ranar ƙirgen, ta aika wa duk 'yar Gidan Ɓaure da ke aure a Kwarin Goni ta taho da 'ya'yanta kaf. Har da Bara'atu, matar Kabo.

Yarinyar da ke rubutawa, Zulfa, ta dubi cikar tsakar gidan ta ce, "Iya, duk nan garin aka haife su?"

"'Yar nan, tambayi iyayensu mata inda aka binne cibiyarsu. Ai su suka haifa."

A Kwarin Goni kuwa, tsofaffi da awaki aka tarar.

Famfo ya zo Gidan Ɓaure. Ba a yi wata biyar ba burtsatsen su Kabo ta tsaya cak. Sai ga shi da jarka shida a kura, yana wani sunkuyar da kai.

Hure na zaune a gindin famfon. Ta ce, "A'a, Malam Kabo na babban gari! Ku nawa ne a gidan?"

"Haba Iya, a bar tuna baya."

"Ni ban tuna komai ba. Cika biyar."

"Ta shidan fa?"

"Ta ɗan farinka ce. Mu nan ba ma ƙirga shi."

Haka ya tura kurar ya tafi, jarka ɗaya tana ta ƙwaramniya a wofi har ya ɓace cikin gyaɗa.