Gwaggo Mai Keke da Yadin da Take Ɓoyewa

Kafin motar ma'aikata ta sauke mu a ƙofar kamfanin sabulu, Gwaggo Mai Keke ta riga ta buɗe ɗakinta da ke bayan sito. Takan share, ta ɗiga wa keken ɗinkinta mai, ta rataya tef a wuya, ta zauna jiran mai yagaggen aljihu. Ita ke ɗinka rigunan aikinmu duka, daga na masu gadi har namu masu naɗe sabulu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. An ce kowa ya yi magana ranar sallama, ni kuwa bakina ɗaurewa yake yi cikin mutane, shi ya sa na rubuta.

Mai sito ya daɗe yana mita wai Gwaggo na cin yadi. "Rigar mace ɗaya, yadin mutum biyu!" Ita kuwa sai ta ce, "Kai da ba ka taɓa zura zare a allura ba, koma wa kwalayenka." Ashe duk rigar mace, sai ta naɗe rarar yadi ta ɓoye cikin ɗinkin gefe.

Ta kan yayata na gane dalili. Tare aka ɗauke mu a matsayin ƴan gwaji. Wanda ya haye gwaji ya zama na dindindin, yana da katin asibiti, da fansho, da hutun haihuwa. Amma akwai abin da ba a rubuta ba, kowa kuma ya sani. Ƴar gwaji in ciki ya fito ba a korar ta, sai dai lokacinta ya cika a ce mata an gode. Yaya ta samu ciki, ga mijinta kwance da karaya. Aikin nan shi ke riƙe da gidansu.

Sai ta fara ɗaure cikin da zane. Ran nan muka je a gyara mata maɓalli, Gwaggo ta dube ta ta saman tabarau.

"Rufe ƙofa. Kwance ɗaurin nan, so kike ki shaƙe min jika?"

Yaya ta fashe da kuka.

"Kukan na mene ne? Sata kika yi? Miƙo rigar."

Nan take ta farke gefe, ta saki yadi, rigar ta zauna kamar da ma haka aka yanka ta. Haka ta riƙa sakar mata kaɗan-kaɗan.

Amma ciki ba ya jiran riga. Shugabar layinmu na naɗe sabulu ta lura, manaja ya aika a kira Yaya. Gwaggo ta bar kekenta ta bi bayanta. Sakatariya ce ta ba mu labarin abin da ya faru a ciki.

"Yallaɓai, idona ya gaji da farke ɗinki a ɓoye," in ji Gwaggo. "In yarinyar nan ba ta iya aiki ba, sallame ta. In kuwa ciki ne laifin, tun kafin ka zo nake wannan aika-aika, ka haɗa da ni."

Manaja ya ce, "Su wa da wa kika yi wa haka?"

"Sunan kowa ba zai fito daga bakina ba."

Shugabar layinmu ma tana cikin ofishin. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Har da ni, yallaɓai. Babban ɗana cikin rigar Gwaggo ya girma."

Manaja ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce Yaya ta koma bakin aikinta. Lokacinta na cika aka tabbatar da ita, ta haihu a asibitin da kamfani ke biya, ta ci hutunta ta dawo. Yanzu mai ciki da kanta take zuwa ta ce a ƙara mata riga, ƙofa a buɗe.

Gwaggo, ke ce rufin asirin mata, uwar da ba ta haife mu ba. Ba ki taɓa yi wa kowa gori ba, ko godiya aka zo yi miki sai ki ce, "Matsa, kin tare min haske." To, yau dai sai kin saurara. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa idanunki lafiya.

Mu da muka rage, kowa ya duba na kusa da shi a wurin aiki. In ka ga ya yi shiru yana haɗiye damuwa, kada ka jira ya roƙa. Yaya ta riga ta fara, jiya na ga ta ja wata sabuwar yarinya gefe tana ce mata, "Zauna, ƙanwata. Faɗa min."