Gardamar Kawu Idirisa a Kan Fim Biyu

Kun dai san Kawu Idirisa, bai taɓa yarda bai gane abu ba. In magana ta sha masa kai, sai ya kurɓi jabanarsa, kofin nan mai ɗaci, ya ce shi ya gane, maganar ce ba ta gane kanta ba.

Da yaƙi ya koro mu daga Hartum muka sauka gidansa a Gadarif, wata uku bakina bai buɗe ba, har mahaifiyata ta fara kuka a ɓoye. Kullum ina gindin darbejiya da waya, ina maimaita fim biyu. A ɗaya, na'ura ce ke goge tunanin wani mutum kowace safiya ta zuba masa na wani. A ɗayan, 'yan sama jannati sun isa wata duniya, sun tarar da kansu sun riga su zuwa.

Kawu ya jawo kujera, ya zura wa wayar ido, ya ce ai wannan labarin ɓarayin shanu ne. Haushi ya sa na ce ba haka ba ne. Ya ce to in fayyace. Na zuba har maƙogwarona ya bushe. Ya ce na farkon ƙarya ne: shekara talatin yana tuƙa tarakta a gonakin Fashaga, bai ga injin da ke tashi kowace safiya ba.

Washegari ya juya, wai na biyun ne shirme. Waɗanda suka riga isa, wa ya noma musu dawa? Na ce ai su ɗin ne dai. Ya ce shi ke nan, bakin ci ya ninku, gona babu.

Rana ta uku ya haɗe su wuri ɗaya. Wai mai gogaggen tunanin nan shi ne direban kumbon, ya manta ya riga ya kai su. Wallahi ni mai bayanin na ruɗe, har yau ban iya raba fina-finan nan ba.

Bayan Allah ya yi wa Kawu rasuwa, ranar sadakar uku na ce wa Inna Hawwa, matarsa, Kawu ya tafi bai faɗi wanda ya fi ba.

Ta ce, "Wane fim, ɗana? Shekara biyu yanar ido ta hana shi ganin ko lambar waya. Cewa ya yi yaron nan in ba gardama ba, ba abin da zai buɗe masa baki."

Na yi kuka. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya buɗe masa ƙofar Aljanna yadda ya buɗe mini baki.