Irin Dawar Baba

Da wannan damina Baba ya cika shekara goma sha ɗaya a kabari. Ban yi niyyar rubuta komai ba, sai da na shiga madafin gidan Yaya Bala, babban wanmu, na ɗaga kai na ga zangarniyoyin dawa a rataye, hayaƙi ya mai da su baƙi. Nan take na ji kamar Baba zai yi gyaran murya a bayana.

Gonarmu tana kan hanyar Bangi. Muna yara, idan kaka ta gabato, Baba yakan tasa mu gaba kafin a sa lauje. Zai bi kunya-kunya yana duba zangarniya, wadda ta fi cika ya ɗaure ta da tsumma, alamar ta iri ce. Mu kuwa yunwa na cinmu, muna ganin ɓata lokaci ne kawai. Jar dawa ce da wani abokinsa Bakambare ya ba shi tun yana saurayi, kuma bai taɓa sayen iri a kasuwa ba. Na tuna shekarar da rumbu ya ƙare da wuri, Inna ta kai hannu za ta sauko da dami ɗaya na irin ta yi mana kunu. Baba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Hajiya, yunwar yau za ta wuce. Wanda ya ci iri ya ci baɗi." Ranar rogo muka ci, ina ta ƙunƙuni.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni da na zama malamin makaranta a nan Kontagora, har yau ba na iya yar da 'ya'yan kabewa. Tagar ɗakina cike take da su, matata tana min tsiya wai na mai da gida rumbu. Ƙanwarmu Rabi ko wake ta auno sai ta tsince masu kyau ta ƙulle a leda, alhali ko taku ɗaya na ƙasa ba ta da shi. Amma Yaya Bala ne ya gaji gonar, ya gaji halin gaba ɗaya.

Yanzu damina ta sha wucewa ba a shuka komai a gonar ba. Masu bindiga sun hana, kuma kowa a garin nan ya san wani da aka ɗauke daga bakin kunya. Iri kuwa ba ya jira. In ya daɗe bai shiga ƙasa ba, mutuwa yake a tsaye. Bara Yaya ya gwada shukawa a bayan gidansa, tsuntsaye suka yi masa rubdugu, ɗan abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba. Kwanan baya ya jiƙa cikin tafi ɗaya a buhu don ya gani. Kaɗan ne suka tsiro.

Na ce masa, "Yaya, don Allah ka haƙura. Dawa ce fa."

Ya dube ni ya ce, "Malam, a hannuna za ta ƙare ke nan?"

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan zamani, da manomi ke tsoron gonarsa kamar ramin maciji. Wata rana ina jin zai ce wa Yaya ya zauna, rai ya fi komai. Wata rana kuma ina ganinsa ya saɓa fartanya ya kama hanya, don mutumin da ya bar 'ya'yansa da rogo saboda iri ba zai zuba ido ba. Gaskiya tsoro nake ji, kuma ba ni da wani ƙarfi ko wani babba da zan kai wa kuka.

An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Gonar ta fi ƙarfinmu, irin yana mutuwa a rataye, abin da ya rage mana daram shi ne halin Baba. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Ruwa ya fara sauka, jiya kuma na ga Yaya ya kai babur ɗinsa wurin bakanike. Halin da muke alfahari da shi ne zai ɗora shi kan hanyar Bangi, ni kuma ba ni da bakin hana shi.