Layin Lalle a Bayan Hannun Ƙanena

Murfin langa ne ya suɓuce mini ya faɗi kan siminti. Bai kwanta nan take ba, sai da ya yi ta juyi yana ƙara, saurin yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, sannan ya yi tsit. Ƙanena da ke kwance a inuwar rumfa ya ɗago kai ya ce, "Yaya, sake yada shi."

Shekarar da aka ba mu jiha ce. Shi kuwa an kawo mini shi daga tashar motar Ƙaura, inda yake yaron mota, bayan sholisho ya kusa gamawa da shi, wannan gam ɗin da masu faci ke liƙe taya da shi, samari su zuba a tsumma su yi ta shaƙa. Ni na goye shi bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba wanda zai karɓe shi in ba ni ba. Tun zuwansa bai nemi komai da bakinsa ba sai ranar. Na sake yada murfin. Ya jawo tasa da ludayi biyu ya bi ƙarar, har ya wuce ta.

Daga baya ya fito da wani kaset da wani direba ya ba shi a hanyar Ikko. Turawa ne ke ihu a ciki kamar gidansu ya kama wuta, waƙa ba ta kai tsawon dama kunu ba ta ƙare. Direban ya gaya masa wai waɗannan masu ihun ba sa shan giya, ba sa busa taba, kuma abin da suke ihu a kai ke nan. Ƙanena ya riƙe maganar nan kamar wanda ya kama reshe a cikin gulbi.

Kafin damina ta faɗi sun zama su uku masu kiɗa. Akwai mai gyaran rediyo daga Shinkafi, wanda ya ɗaura wa gurmi wayar burkin keke ya haɗa shi da lasifika da batirin mota. Akwai wani Bafillace daga wajen Zurmi, shi ma ya sha fama da ƙwaya a bin motocin shanu, shi ne mai waƙa, muryarsa kuwa ta kiran garke ce daga tsallaken fadama. Ƙanena ne mai duka: jarka, tasa, rabin duro, da murfin langar nan da ban ƙara gani a ɗakin girkina ba.

Ban taɓa ganin wasansu da idona ba. Ta saman katanga nake jinsa, daga wani kango kusa da layin dogo, tsakanin la'asar da magariba. Yakan taso kamar jirgin ƙasa da ya manta akwai tasha. Ina tankaɗe sai in ga rariya ta bi su, garin dawa yana tashi cikin hasken yamma, kaji sun miƙa wuya, ni kuma ban san inda hankalina ya tafi ba. Baitin da na iya kamawa ɗaya ne: ba ni sha, ba ni busa, ba ni shaƙa. Da ladan ya ɗaga murya sai su yanke a tsakiyar waƙa, shirun ya sauko kan unguwa kamar an rufa mata zane.

A jikin kwalin kaset ɗin akwai hannu da aka yi wa alama da layi biyu a gicciye. Ƙanena ya zo ya ce alamar waɗanda ba sa shaye-shaye ce, in yi masa irinta da lalle.

Na ce, "Gicciye a gidan ga? Allah shi kiyaye."

"To Yaya, yi man rabi."

Na yi dariya, na ja masa layi ɗaya miƙaƙƙe a bayan hannun dama. Amma kafin in ja, sai da na kama haɓarsa na ce ya huro mini numfashi, na shinshina wuyan rigarsa da yatsunsa ko zan ji warin gam, na buɗe idonsa na duba. Daga nan abin ya zama ƙa'ida. Lalle ba ya daɗewa a bayan hannu, in ya fara koɗewa sai ya dawo in shinshina shi in sabunta. Sauran biyun ba muharramaina ba ne, don haka nakan zuba masa ragowar a gwangwani, ya je ya shinshina su ya ja musu. Wanda aka ji wa wari ba shi da layi, marar layi kuma ba ya taɓa kayan kiɗa. 'Yata, tana ƙarama lokacin, takan tsuguna a gefenmu tana murɗa hanci tana kwaikwayona.

Sun sha tsiya. A tasha ana ce musu amaren Ƙaura. Ƙanena yakan ɗaga hannun ya ce, "Amarya dai, amma ba ta kwana cikin kwata." Sun yi wasa ranar kasuwa a Shinkafi a bayan wata akori-kura, ya ce mini awaki sun tsinke igiya, wani tsoho kuma ya tambaye su ko ciwon ciki ke damun mai waƙar. A Zurmi samari suka yi ta tsalle suna bangaje juna, bayan an tashi wasu suka miƙo hannu a ja musu layi. Gwangwanin lallena ya riƙa dawowa a suɗe.

Da aka ƙaddamar da Shari'a na yi kukan murna, ban ɓoye ba. Aka rufe gidajen giya. Ƙanena ya shigo yana rawar jiki ya ce, "Yaya, an iske mu inda muke." Su a zatonsu ranarsu ce ta zo, tunda abin da suke ihu a kai shi hukuma ta faɗa. Suka ɗauki kayansu suka kafa a bakin tasha don taya murna. Ba su gama waƙar farko ba dattawa suka zo. Ba wanda ya ɗaga musu murya. Aka ce zamanin kaɗe-kaɗe a bainar jama'a ya wuce. Mai rediyo ya ce ai wa'azi suke yi, wani dattijo ya ce shi dai bai ji kalma ko ɗaya ba, ƙara kawai ya ji, sannan ya dubi hannuwansu ya ce namiji da lalle ba ango ba, a bar wannan ma.

Maigidana, wanda bai taɓa hana su ba, ya ce mini a hankali a bi maganar manya. Ban musa ba, don zuciyata ma rabinta tana wajensu. Bafillacen ya koma garkensu. Lasifikar ta hau kan masallacin wani ƙauye wajen Badarawa, an ce har yanzu in ladan ya ja numfashi takan yi wani gurnani. Ƙanena ya koma tasha, ya ɗauke tabarmarsa daga zaurenmu.

Abin da ke cina ban iya faɗa wa kowa ba. An rufe gidan giya, amma ba a rufe rumfar mai faci ba, gam ɗin yana nan a gwangwaninsa a bakin kowace tasha. La'asar ta riƙa zuwa fayau, ba jirgi a bayan katanga. In na rufe ido bayan salla sai in ga hannunsa, layin yana komawa ja, yana komawa ruwan goro, yana shigewa cikin fata kamar sawun tsuntsu a rairayin gulbi. Ganina da shi na ƙarshe a lokacin, ya leƙo gaisuwa a tsaitsaye hannunsa cikin aljihu, ya tsaya nesa da ni. Ban ce zo ba, bai zo ba. Na yi ta kai ƙararsa wurin Allah.

Duk da haka ban daina kwaɓa lalle ba. Nakan ce na ƙafar 'yata ne, in kwaɓa fiye da abin da ƙafar yarinya za ta ci, ragowar ta bushe a ƙoƙo in kankare in zubar.

Wata ranar Juma'a da hantsi, ina naɗe wa 'yata ƙafa ɗaya da leda, aka yi sallama a zaure. Kafin in kama ta ta zille, tana ɗingishi da ƙafa ɗaya a ɗaure. Na zauna da tsinken jan lalle a hannuna ina jira. Can sai ga ta ta dawo, ta bar sawun lalle a simintin tsakar gida, ta tsaya a gabana tana haki.

"Inna, Kawu na. Ya naɗe hannun riga har kafaɗa, wai nan za ki ja mashi, inda ba a gani. Na riga na shinshina shi. Warin albasa ɗai shika yi."