Fakon Kaka Tsahara

Ku da kuka san Kaka Tsahara kun san cewa in hadari ya haɗo kowa gida yake nufa, ita kuwa waje take yi. Mata na kwashe shanya, yara na koro awaki, sai ka ga tsohuwa ta kifa ƙwarya a ka, ta saɓa hauya ta nufi gangaren bayan gari. Can za ka jiyo ta tana faɗa da ruwa kamar ta kama ɓarawo.

"Kai! Ina za ka? Wata takwas muna jiran ka, ka zo ko gaisuwa babu za ka wuce ƙorama? Dawo nan!"

Ta tare nan da dutse, ta toshe can da ƙasa. Wallahi akwai ranar da ruwan ya ji kunya ya juyo da kansa. To, ban gani da idona ba, amma wanda ya gaya mini ba ya ƙarya sosai.

Ni ne jikanta Sule. Tun ina shekara shida uwata ta ba ta ni, a wani ƙauye kusa da Babankatami. Ba ta taɓa kira na Sule ba, sai dai Maigida. In ranta ya ɓaci kuma, Maigida Rago.

A gidanmu ruwa ba ya mutuwa sau ɗaya. Na wanke hatsi awaki za su sha, na wanke kwano ya tafi gindin kabewa, na alwala kuwa zogale ke da shi. Wata rana liman ya zo duba ta, la'asar ta yi, ya ɗauki buta ya nufi jikin danga.

"Malam, tsaya! Can za ka yi, bisa ɗan iccen can."

"Haba Tsahara, ai ko'ina ƙasar Allah ce."

"Hakanan ne, amma wagga ƙasar Allah tana da zogale a kanta."

Bawan Allah ya tattare riga ya tsuguna a kan tsiron da bai kai yatsa ba. Da zogalen ya girma sai ya aiko a tsinko masa ganye, wai ai alwalarsa ce ta raya shi. Kaka ta cika wa ɗan aiken kwando, ta ce, "Ka ce da Malam ruwan nawa ne, fuskarshi kawai ya ratsa."

Rigima ta taso ne ranar da Kawu Alio, ɗanta mai shago a Madawa, ya iso a kan kabu-kabu. Ya ga ƙafafunta sun kumbura, ya ga rumbu ya kusa ƙarewa tun rani bai yi nisa ba. Ya ce zaman ƙauye ya isa haka, zai kai ta birni. Fakon da Kaka ta gada kuma, wato tsandaurin nan mai tauri kamar gudron titi wanda ko ƙarangiya ba ta fita a kai, a bar wa masu fasa dutse.

"Inna, can akwai pampo cikin gida. Murɗawa kawai za ki yi."

"Ruwan da ke fitowa daga ƙarfe, wa ya san ubanshi?"

Suka ja, suka ja, har Kaka ta yanke magana. A ba ta damina ɗaya. In fakon nan ya cika mata rumbu, a ƙyale ta a garinsu. In bai cika ba, ita da kanta za ta ɗaure kayanta. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce ya yarda.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Ni Madawa nake so. Akwai wuta, akwai gidan kallon balo, wato ƙwallon ƙafa, akwai ruwan sanyi mai ƙanƙara. A zuciyata ina bayan Kawu ɗari bisa ɗari.

Ranin nan kaf a fako muka ƙare shi, ni da diga, ita da kwando. Tun tana budurwa ta koyi aikin, lokacin da suke ɗaukar duwatsu a ka wajen gyaran ƙasa a tsaunukan Keita. Muka haƙa tassa, ƙananan ramuka kamar akushi, a tara ƙasar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu a kowane. Takin kuwa, duk akuyar da ta ɗaga wutsiya a garinmu Kaka ta riga mai ita sani. Na ce mata gara za ta cinye takin.

"Ita nike gayyata," in ji ta. "Ta ci, ta huda mini ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Ga ma'aikata ba su neman fura, ba su cewa bayansu na ciwo, ba kamar wani maigida da na sani ba."

Sai ƙafa ta kwantar da ita kwana uku. Ta bar mini aikin rabin wata a saman fako. Rabin wata kunya ce ta ƙasa da ake lanƙwasawa, bakinta a buɗe yana kallon tudu, don ruwan da ya gangaro ya shiga ya rasa mafita. Ko ɗan yaye a garinmu ya san haka. Ni kuwa na tuna gidan kallon balo, na juya su duka goma da gangan don kada rumbu ya cika, bakinsu na kallon gangare, sun ba tudu baya.

Rana ta huɗu ta zo a kan jaki. Ta duba na farko, ta duba na goma, sai ta sauko da buta a hannu.

"Maigida, kwanta."

"A nan, Kaka?"

"Rub da ciki. Sa kunci ƙasa."

Na kwanta. Ta taka sama kaɗan, ta karkata buta. A duk rayuwata ranar ce kaɗai na ga ta zuba ruwa a ƙasa ba tsiro a wurin. Ruwan ya gangaro a hankali, bai tsaya ko'ina ba sai cikin hancina.

"Ina ya nufa?"

"Hancina, Kaka."

"Hancinka na tudu ko na gangare?"

"Gangare."

"To su waɗanga da ka gina, ruwan wane gari za su tara? Na garin da ruwa ke hawan tudu?"

Na tashi ina share hanci. Ta zauna a kan dutse ta miƙe ƙafar nan mai ciwo.

"Na san abin da kake so. In Madawa ce ka tahi, ban ɗaure ka ba. Amma ni in anka kai ni can, mi zan yi? In zauna bakin ƙofa ina ƙirga motoci? Nan ko da ido rufe na san hanyar da kowane ruwa ke bi."

Ban san lokacin da na ɗauki diga ba. Na rushe goman nan na sake su, hannuna duk kanta. Da yamma na ɗauka an yafe mini, sai na tarar da ruwan wankana ya ragu. Ta ce, "Na butar nan ne na cire. Ai hancinka ya riga ya yi wanka."

Damina ta faɗi, aka yi ruwa biyu masu kyau, kowa ya shuka. Daga nan sama ta ɗauke. Sati uku ba ko yayyafi. Aka fita roƙon ruwa, hatsin mutane ya nannaɗe ya yi ja, wasu gonakin suka ƙone ƙurmus. A fakon Kaka kuwa kowane rami da tsironsa kore shar, kamar ba a gari ɗaya muke ba.

Maƙwabcinmu Ɗan Tani, wanda ya fi kowa yi mana dariya da rani, ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Tsahara, faɗi gaskiya. Aljannu gare ki?"

"Ƙwarai kuwa. Suna cikin rami, sa hannu ku gaisa."

Ya tona gefen tassa, hannunsa ya nutse cikin danshi har wuyan hannu, sai ya yi tsalle yana yarfe yatsu. Gara ta kama shi.

"Sun amsa?" in ji Kaka.

Ruwa ya dawo a makare, amma ya tarar da hatsinmu da rai. Muka yi girbi, rumbu ya cika, har dammuna suka yi saura a tsakar gida.

Kawu ya ji labarin fari a rediyo, bai ko tambaya ba, ya ɗauko mota da igiyar ɗaure kaya. Ya shigo ya tarar da uwarsa zaune a kan dammunan hatsi tana tauna goro.

"Alio, motar mi ce?"

"Ta… ta kayanki ce, Inna."

"Madalla. Tunda ta zo, kada ta koma wayam. Maigida, loda mishi biyar na jikokina. Kai kuma Alio, ka ce da matarka ta dafa da ruwan ƙarfen, hatsin zai yi haƙuri."

Kawu ya tsuguna ya kama dami ɗaya, ni na kama ɗaya.

Damina biyu ta ƙara yi a fakonta. Bara, bayan an gama girbi, ta kwanta a ɗakinta kwana biyu, ta cika da hantsi, mutanen garinsu kewaye da ita. Waɗanda suka ɗauki makararta duk ta san su tun suna goye. Da muka dawo daga maƙabarta Kawu ya dafa kafaɗata ya ce, "Sule, gara da ba ta shiga motar nan ba."

Allah ya jiƙan Kaka Tsahara, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Allah ya shayar da ita daga tafkin Annabi, ta sha ta ƙoshi. Amin.