Daɓe a gidan gwamnati

Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin aure a Zoza, ta ƙasar Rogo. Na fito da takardar saki, da gado, da kwanuka, da turmina, amma ban fito da 'yata ba. Shekararta takwas a lokacin. Abin da ya raba ni da ubanta bai kai a ba da labarinsa ba. Zama ne ya yi ta tsami a hankali, har ran da ya ce in tafi gida, ni kuma ban tsaya tambayarsa dalili ba. Idda ta cika bai aiko ba.

Iyayenmu sun rasu, don haka gidan yayana na nufa a Tudun Kaya. Ya karɓe ni hannu biyu, matarsa ma ba ta rage ni da komai ba, sai dai ɗaki biyu ne a gidan, yara kuma bakwai. Aka jingine gadona a zaure, ni ina kwana a tabarma cikin yara. Da na koma Zoza neman a ba ni yarinyar, uwar tsohon mijin nawa ce ta tare ni, wadda nake ce wa Iya. Mace ce da ba ta wasa, ba ta kuma ƙarya.

Ta ce, "Ban hana ki 'yarki ba. Amma ba zan ɗauke ta daga ɗakin ubanta in kai ta raɓe ba. Ranar da kika sami ɗakin da ba mai ce miki tashi, ni da ƙafata zan kawo miki ita."

Na ji haushinta har na kasa cin tuwon da ta ajiye mini. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san gaskiya ta faɗa.

Bayan kusan shekara guda aka ce gwamnati ta gina wasu 'yan gidaje a bayan garin Karaye, don zawarawa da matan da mazansu suka rasu. Mai unguwa ya sa sunana. Na yi ta sintiri da hoto da takardar saki har takardar ta fara yagewa a wurin ninki, Allah kuma ya sa na dace. Ranar ba da makulli wani jami'i mai farin gilashi ya karanta mana sharuɗɗa. Ya ce zaman wata uku na farko gwaji ne, daga nan zai zo dubawa. Wadda ta ba da haya, ko ta ɓata ginin, ko ta sauya masa fasali, za a karɓe gidan. Wadda aka samu gidanta lafiya za a ba ta takardar zama ta dindindin. Wannan takarda ita ce abin da zan kai wa Iya. Na ce a raina, wane ɓata gini, ni da ko ƙusa ban mallaka ba.

Gidan ɗaki ne da falo, da kicin kamar akurki, da banɗaki, sai 'yar tsakar gida da aka malale da siminti sumul. Ban taɓa zama a tsakar gidan siminti ba, sau uku nake share ta a rana don daɗi. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ba na shan kunun da ban surfa geronsa da hannuna ba. Mace ba ta tambaya kafin ta kafa turmi a tsakar gidanta, ni ma ban tambaya ba. A kwana na huɗu ina cikin surfe na sauke taɓarya, sai na ji ƙwas daga ƙasa, turmin ya karkata. Da na janye shi na ga simintin ya rufta. Kaurinsa bai kai na waina ba, ƙarƙashinsa kuwa yashi ne zalla.

Na zauna a bakin ramin ina kallonsa, ba abin da nake gani sai Iya tana cewa, ai na faɗa. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a kai. Kullum da safe in ɗaga in leƙa, kullum tsagar ta ƙara tafiya. Na koma kai gero inji, ina shan kunun da ba ya mini daɗi. Idan yayana ya zo, a ƙofar gida nake tare shi da ruwa, har ya fara tsokanata wai tun da na zama mai gida na daina sanin talakawa.

Maƙwabtan ma haka suke mini. Ka yi sallama a gidan mace, sai ta fito ta jawo ƙofa a bayanta, ku gaisa a tsaye kamar masu jiran mota. Ba wadda ta taɓa ce mini shigo. Na ce lallai, an haɗa ni da masu girman kai, ni ma na kama kaina. Wani abu kuma da na lura da shi ban ba shi ma'ana ba: makon da muka tare, ko'ina daka kake ji tun da safe, amma kafin mako na biyu ya ƙare unguwar ta yi tsit. Layi biyu na gidaje cike da mata, ba turmi ko ɗaya da yake magana.

Wadda ta tona asirin wata tsohuwar Bafulatana ce da ke jikin katangata, muna ce mata Inna. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi kudu da shanu. Ita ba ta san a tsaya a ƙofa ba. Wata safiya, saura mako uku a zo dubawa, ta yi sallama tana shigowa da kasko a hannu za ta ɗebi garwashi. Kafin in ce mata bi ta gefe ta taka tabarmar, ƙafarta ta nutse har idon sawu.

Ta zare ƙafar, ta ɗaga tabarmar, ta duba. Na ce, "Inna, don girman Allah ki rufa mini asiri."

Sai ta fashe da dariya har kaskon ya faɗi. Ta ce, "Naki ai ƙarami ne, 'yar nan. Zo ki ga nawa, akuya za ta kwanta a ciki."

A ranar ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ni ina bayanta. Wata ta ɗora randa a kan nata ramin, wata buhun masara, wata ta kifa kwando ta ce kaza ce ke kwanci. Gida biyu kaɗai muka samu lafiya, su ma don masu su ba su da turmi. Ashe wata biyu muka yi muna gaisawa a tsaye, kowace tana zaton ita kaɗai ce ta yi ɓarna.

Muka taru a falona. Wata ta ce a kira magini ya liƙe. Inna ta ce liƙi a kan yashi kwana nawa zai yi, kuma mu daina daka ke nan har mu mutu? Ta ce a kwashe simintin a yi daɓe irin na da. Na ce ai an hana sauya fasali. Ta ce, "To ramin an yarda da shi ne?" Daga nan suka ce a fara da gidana a gani, tun da nawa aka fara kamawa. Raina ya ɓaci, domin duk cikinsu ni ce nake da 'ya a hannun wasu, amma na ce to.

Yayana ya kawo burji, jar ƙasa mai tsakuwa, a amalanke. Wata mata ta je ƙauyensu ta aro madaɓai, itacen da ake bugun ƙasa da shi, sun yi baƙi don tsufa. Inna ta jiƙa makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, a tsohuwar randa. Muka kwashe siminti da yashin, muka baza burjin, muka yayyafa ruwa, muka durƙusa a jere muna bugu. Da farko hannuwa ba su haɗu ba, har wata ta ɗauko waƙa, sai bugun ya daidaita. Na dafa musu shinkafa da wake. Ina cikin bugu na tuna cewa da za a kai ni Zoza, Iya ce ta tara mata suka daɓe ɗakina, kuma har na fito daɓen nan bai fashe ba. Na yi kuka sosai, na ce hayaƙi ne, ba wadda ta yarda. Kwana uku muna bugu muna shafa makuba, har ƙasar ta yi ja ta yi sheƙi. Daga gidana muka wuce na gaba, muka gama layin biyu saura kwana biyu a zo.

Jami'in ya zo da hantsi, da littafinsa. Gidana ne na farko. Ya tsaya a bakin tsakar gidan ya gyara gilashi, matan unguwa sun cika ƙofa a bayansa.

Ya ce, "Baiwar Allah, ina simintin?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, turmi ya cinye shi."

Ya ce, "A takarda siminti aka rubuta. Kin san sharaɗin."

Inna ce ta mirgino turmina tsakiya, ta zuba gero, ta miƙo mini taɓarya ta ce, "Daka masa." Na daka, da duk haushin da na tara tun daga Zoza. Da na gaji jami'in ya sa aka janye turmin, ya tsuguna ya shafa wurin da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da maƙullin motarsa. Ya tambaya ko sauran gidajen ma haka ne, mata suka amsa baki ɗaya. Ya daɗe yana kallon littafin, sannan ya yi rubutu. Ban san me ya rubuta ba, ban iya boko ba. Bayan mako biyu aka kira mu muka karɓi takardunmu.

Na aika wa Iya. Ranar wata Asabar ta zo a bayan babur, yarinyar a tsakiya, da ƙullin kaya a hannun Iya. 'Yata ta ruga ta rungume ni, ta yi tsawo har ta kai mini kafaɗa. Na kawo takardar, Iya ta ce in riƙe abata, ita me ta sani a takarda. Ta ƙi zama, ƙullin kuma yana hannunta. Ta leƙa ɗaki, ta leƙa kicin, ta dawo tsakar gida ta cire takalmi. Ta bi daɓen kusurwa-kusurwa tana danna shi da diddige, kamar yadda take duba na amare.

Ta ce, "Wa ya yi miki wannan?"

Na ce, "Matan unguwa, Iya."

Ta ce, "Su nawa?"

Na ce, "Dukansu."

Ta dubi ƙofa, inda suka taru suna mata sannu da zuwa. Sai ta sunkuya ta ajiye ƙullin kayan yarinyar a ƙasa, ta ce a ba ta ruwa ta sha, tana so ta koma kafin la'asar.